Ƙaurin Tuwo a Gidan Zabuli

Makirina na tsallake kwatar da ke bakin gonar Zabuli, hannu ɗaya riƙe da gefen rigarta kada taɓo ya ɓata ta, sai ƙaurin tuwon gero ya daki hancinta. Ta tsaya cak, ƙafa ɗaya a kan dutse, ɗaya a cikin laka.

Da faɗa ta fito daga gida, ta kuma tsara shi tsaf tun a hanya. Inabi ya nuna, saura 'yan kwanaki a fara tsinka, ga randunan giyarta goma sha biyu binne a ƙasa har wuya, ba a wanke ko ɗaya ba. Shekara ashirin Zabuli ce ke wanke su, don ita ce 'yar siririyar macen da ke iya zurmawa cikin randa, ta goge ta da ɓawon itace, ta fito ba ta tsaga komai ba. Bana an aika mata sau uku, sau uku tana cewa bayanta ke ciwo.

Amma ƙaurin nan ya goge faɗan daga kanta. Duk ƙauyukan da ke bakin kogin Fasis an san Zabuli ba ta ƙona abinci. In ka ji tuwonta ya kama, to da gangan ta bar shi, don ta kankare ƙanzon ta zuba masa zuma. Kuma mutum ɗaya ne a duniya take yi wa wannan ɓarnar gero.

A ƙasar Lazika, gidan da ke da dawaki da filaye ba ya renon ɗansa da kansa, wai yaro zai tashi lusari. Mirdat na da kwana arba'in a duniya surukar Makirina ta zare shi daga hannunta, nono na jiƙa mata riga, aka kai shi gidan maginin tukwane, inda matarsa Zabuli ke goyon nata ɗan, Utu. Sai da ya cika shekara goma sha biyu aka maido shi a kan doki, aka yanka sa, aka sha giya har aka manta wanda aka taru dominsa. Yaron ya durƙusa a gaban wadda ta haife shi ya ce, "Ranki ya daɗe, Uwargida," kamar yadda barori ke faɗa. Har ya yi gemu bai sake wannan suna ba. Zabuli kuwa Inna ce, da baki cike. Mazansu duka biyu sun rasu, zazzaɓin fadama ya ɗauke Utu bara, amma wannan abu guda bai mutu a zuciyar Makirina ba. Kishi take yi da matar nan, kishi na gaske, irin wanda ke hana mutum jin daɗin abinci.

Shekara takwas ke nan Rumawa da Farisawa suna ta kashe juna a kan wannan ɗan zirin ƙasa mai ruwan sama da sauro. Da farko sarkin Lazika ya kira Farisawa, don Rumawa sun riƙe gishiri sun hana kowa sayarwa sai su. Aka yi shela duk saurayin da ya san mashigan duwatsu ya je ya yi wa rundunar Farisa jagora. Mirdat ya tafi, yau shekara biyu. Daga baya sarki ya ɓata da Farisawa ya koma wa Rumawa, sai jagorancin da aka umarci yara su yi ya zama cin amanar ƙasa. Yanzu sojojin Rum na bin ƙauyuka da sunaye, wanda suka kama sukan rataye shi a mashigin jirgi.

Makirina ta ture ƙofar dangar ba sallama. Zabuli na tsugune a gaban murhu tana kankare tukunya, ta ɗago, cokalin ya faɗi daga hannunta.

"Uwargida! Da kanki cikin wannan taɓo? Ai da kin aiko."

"Na aiko sau uku. Ina bayan da ke ciwo?"

"Da sauƙi, Uwargida. Gobe ma nake cewa..."

"Wa kike ƙona wa tuwo?"

"Af, tsufa ne. Na ɗora na manta."

"Kin manta, amma ba ki manta zuma ba." Makirina ta nuna 'yar tukunyar da ke gefen murhu da haɓa. "Zabuli, dube ni. Ni ba Barumiya ba ce da za ki yi wa fuskar tunkiya. Yana ina?"

Zabuli ta dubi hanya, ta dubi kurmin da ke bayan gida. Ta goge hannu a jikin riga, ta ɗauki akushin ƙanzon ta yi gaba, Makirina ta bi ta zuwa rumfar da randuna huɗu ke binne. Uku a buɗe suke. Ta huɗun an rufe ta da faifan dutse, an tokare gefe ɗaya da ɗan guntun itace don iska, an baza busasshen ganye a kai. Zabuli ta durƙusa ta kanga baki a wurin.

"Ni ce. Kada ka ji tsoro. Uwargida ce ta zo."

Su biyu suka ja dutsen. Hannuwa suka fara fitowa, sannan kai mai dogon gashi duk ƙasa. Ya rame har ƙasusuwan wuyansa sun fito, ƙafarsa ta hagu naɗe da tsumma. Shekara biyu Makirina tana shirya abin da za ta yi in ta gan shi, ta buɗe hannuwa, shi kuwa ya dafa ƙasa ya sunkuyar da kai.

"Ranki ya daɗe, Uwargida. Na same ki lafiya?"

Hannuwanta suka koma inda suka fito. Ta dafa kansa kamar limamin coci mai sa albarka, sannan ta juya ga Zabuli.

"Yaushe ya zo?"

"Bai daɗe ba."

"Kwana nawa na ce."

"Tara."

"Tara!" Makirina ta tafa hannu. "Ran Lahadi ina tsaye kusa da ke a coci, na kunna kyandir ina roƙon Allah ya nuna mini ko gawarsa ce. Kika riƙe mini mayafi ina kuka. Kika ce mini in yi haƙuri! Ashe ke kin baro shi a nan ya ƙoshi da ƙanzo."

"Ni na hana ta faɗa, Uwargida," in ji Mirdat. "Gidan babana za su fara zuwa. Sunansa ke hannunsu. Su Rumawa ba su san uwar goyo ba, a wurinsu inda aka haifi mutum nan ne gidansa. Nan ba wanda zai leƙo."

Maganar gaskiya ce, Makirina ma ta san gaskiya ce, amma ba ita ta ji ba. Abin da ta ji shi ne yaron ya taka duwatsu da rauni a ƙafa, ya wuce ta ƙarƙashin gidanta, ya ga hayaƙin murhunta, ya ci gaba da tafiya.

"Randunana goma sha biyu," ta ce, "ƙaramar cikinsu ta fi wannan tukunyar miyar da aka cusa ka. Ina da katanga, ina da karnuka, ina da suna a ƙasar nan. Yau za ka koma gida. Zan aiko da keken shanu a rufe ka da ganye."

"Uwargida, don girman Allah ki rage murya," in ji Zabuli.

"A kan ɗana za ki koya mini murya? An ba ki shi ki shayar, an biya ki da saniya da gona. Ba a ce ki cinye shi ba."

Haƙurin Zabuli shi ya fi komai ƙona wa Makirina rai, don mace ce da ba ta bukatar ramawa. Ta miƙa wa Mirdat akushin ƙanzon, ya karɓa ba tare da ya dube ta ba, yadda mutum ke karɓar abu daga hannun da ya saba da shi. Ya sa loma ɗaya, ya lumshe ido. Makirina ta kawar da kai, sai idonta ya faɗa kan ƙafarsa.

"Wane ne ya yi wannan ɗaurin? Haka ake ɗaure buhu. Fito da shi waje in ga ciwon a haske."

"Kada ya fita tsakar gida," in ji Zabuli. "Daga kan tudu ana hango nan."

"Ba a tambaye ki ba. Mirdat, taso."

Ya dubi Zabuli tukuna. Kallon bai fi ƙiftawar ido ba, amma Makirina ta gani, shi ya sa ta kama hannunsa ta ja shi da ƙarfin da ita kanta ba ta san tana da shi ba. Ta zaunar da shi a kan kututturen da ke tsakar gida, ta zauna a ƙasa da rigarta mai tsada, ta ɗora ƙafar a cinyarta ta shiga warware tsumman. Ciwon ya fara haɗewa, an wanke shi tas, an shafa kakin zuma da ganye. Ba wani aibu a aikin, ta duba ta sake dubawa ba ta samu ba. Duk da haka ta ce a kawo ruwan ɗumi. Tunda aka raba ta da shi ba ta taɓa riƙe wani sashe na jikinsa ya daɗe haka a hannunta ba, ba ta kuma yi niyyar saki da wuri ba.

Tana cikin wanke yatsun ɗaya bayan ɗaya kare ya yi haushi. Kafin Zabuli ta ajiye ƙwaryar ruwa, dawaki shida sun riga sun tsaya a bakin danga. Tsakanin kututturen da rumfar randuna taku ashirin ne, ga gurgu kuwa tafiya ce mai nisa.

Hafsan Rumawan gajere ne mai jan wuya, sauro ya yi masa rubutu a fuska. Sojoji huɗu suka sauka suka tsaya a kusurwoyin gidan. Na shidan ba soja ba ne, tafinta ne, dattijo ɗan ƙasa daga garuruwan bakin teku, sunansa Girgol. Shi ya yi magana.

"Wace ce Makirina, matar marigayi Sumbat? Mun je gidanki, wata tsohuwa ta ce kin sauko nan yin faɗa a kan randuna."

Makirina ta ɗago kai. Ita ta ja su har nan, ita kuma ta fito musu da shi fili.

"Ni ce," ta ce.

"Muna neman ɗanki Mirdat, wanda ya yi wa Farisawa jagora. Wannan saurayin fa?"

Zabuli ta riga kowa. Ta zo ta tsaya a bayan kututturen ta dafa kafaɗunsa biyu.

"Ɗana ne, Utu. Wuƙar yankan inabi ya taka, sakaran. Uwargida ce ta san magani ta tsaya taimakona, Allah ya saka mata."

Girgol ya dubi matar da ke tsaye, ya dubi wadda ke zaune a ƙasa da rigar alharini, ƙafar ɗan maginin tukwane a cinyarta. Ɗan ƙasa ne, shi ma wata ta goya shi, babu abin da bai gane ba. Ya juya ya fassara wa hafsan abin da aka faɗa, bai ƙara ba bai rage ba. Makirina ta ture ƙafar daga cinyarta, ta miƙe tana kakkaɓe riga kamar ta taɓa ƙazanta.

Hafsan bai gamsu ba. Ya zagaya saurayin, ya ɗaga masa haɓa da kan bulala, ya yi wata magana a taƙaice.

"Ya ce kowace mace tana iya cewa ɗana ne," in ji Girgol. "Ya ce uwa ta san jikin ɗanta. Ki juya baya, ki faɗi abin da ke ƙarƙashin rigarsa."

Zabuli ta juya ta fuskanci danga. Ba ta ko yi tunani ba.

"A kafaɗar dama akwai ƙuna kamar tafin hannun jariri. Yana da shekara uku ya jingina da ramin gasa tukwane, kwana shida ban runtsa ba. Ƙasa da haƙarƙarin hagu akwai inda akuyar maƙwabta ta soke shi, don ya ja mata gemu. A tsakiyar baya akwai baƙin tabo da aka haife shi da shi. Haƙorinsa na can ciki ya gutsire, daga kan ɓaure ya faɗo, ya ɓoye mini har sai da kumatu ya kumbura. Gwiwar dama kuwa..."

Wani soja ya yage rigar. Suka bi ɗaya bayan ɗaya suna dubawa, har suka buɗe masa baki kamar doki a kasuwa. Komai na nan inda ta ce. Makirina na tsaye tana kallon bayan ɗanta. Baƙin tabon kaɗai ta sani, ta gan shi cikin kwanakin nan arba'in. Sauran duk yau ta fara jin labarinsu, tare da sojojin Rum. Ana ceton ran yaron ne a gabanta, ta sani, tana kuma addu'a a ci gaba, amma kowane tabo da matar nan ta ambata sai ta ji kamar an zare mata wani abu daga ɗaki.

Hafsan ya yi dariya ya faɗi wani abu, sojojin suka taya shi.

"Me ya ce?" in ji Makirina.

"Ba abin da ya shafe ki ba ne, Uwargida."

"Na ce me ya ce?"

Girgol ya sosa gemu. "Ya ce da ma ba sai an tuɓe shi ba. Wai ko yadda suke karkata kai iri ɗaya ne, shi da uwarsa."

Hafsan ya ciro ɗan gicciyen azurfa daga wuyansa ya miƙo wa Makirina. Girgol ya ce ana so ta dafa ta rantse cewa wannan ba ɗanta ba ne. Ta dafa. Ƙarfen da ɗumin jikin mutumin.

"Na rantse da wannan gicciye, ban yaye yaron nan ba. Ban goya shi ba. Ban koya masa tafiya ba, ban koya masa magana ba. Bai taɓa kwana a jikina yana zazzaɓi ba."

Duk gaskiya ce, ta kuma fito mata a sauƙaƙe har abin ya ba ta tsoro. Girgol ya fassara. Hafsan ya girgiza kai, ya ce kalma biyu.

"Ya ce ba wannan ya tambaya ba. Kin haife shi ko ba ki haife shi ba?"

Haihuwar nan kaɗai ce abin da Makirina take da shi. Kwana biyu ta yi a kan gwiwa kafin ya fito, har aka kira limamin coci don an fid da rai. Duk ranar da ya kira wata Inna a gabanta, da wannan take lallashin kanta, cewa a yi duk abin da za a yi, ita ta haife shi. Ta dubi Mirdat. Idonsa na ƙasa, hannun Zabuli na kan wuyansa.

"Ban haife shi ba," ta ce. "Ga wadda ta haife shi nan."

Hafsan ya mayar da gicciyensa cikin riga. Ta bakin Girgol ya tambayi inda nata ɗan yake.

"Ya mutu. Wani makiyayi ya kawo mini labari, a kan duwatsu ya mutu. Farisawa ba sa binne gawa, tsuntsaye suke bar wa."

Girgol bai fassara nan take ba. Ya matso kamar zai gyara linzamin dokinsa, ya yi ƙasa da murya.

"Uwargida, mutumin nan ya shekara biyar a ƙasarmu, ya san al'ada. Wanda ya mutu ba a ga gawarsa ba, ana shimfiɗa tufafinsa a kan gado, mata su kewaye su yi makoki, a binne tufafin. A gidanki ba mu ga alamar an yi ba. Zai tambaya."

"Gobe za a yi," in ji Makirina da ƙarfi, don hafsan ya ga bakinta bai yi rawa ba. "Jiya labarin ya iso."

Aka fassara. Hafsan ya gyaɗa kai, har ya ɗan sunkuya mata, irin gaisuwar da ake yi wa mai rashi. Ya ce tunda gidanta ne babba a ƙauyen, can za su sauka su huta da dawaki, gobe su tsaya a yi makokin a gabansu kafin su wuce. Wani soja ya ɗauki akushin ƙanzon ya shinshina, ya yamutsa fuska ya ajiye. Suka hau suka nufi tudu.

Sai da ƙarar kofato ta ɓace Zabuli ta zube a ƙasa. Mirdat ya buɗe baki zai yi magana, Makirina ta ɗaga masa hannu.

"Koma cikin randar. Kada ka sake fitowa ko ni ce na kira ka."

Ya tafi yana ɗingishi, ya waiwayo sau ɗaya a bakin rumfar, ita kuwa ta ƙi kallonsa, don in ta kalla ba za ta iya hawa tudun nan ba. Suka mayar da dutsen tare, suka baza ganyen. Ruwa ya fara yayyafi. Makirina ta ɗauki mayafinta ta nufi ƙofa, Zabuli na biye da ita.

"Uwargida, da sassafe zan hau. Zan zauna kusa da ke. Kin san mata za su kasa kunne, sai an faɗi yadda ya tashi tun yana ƙarami. Ni zan ɗauki wannan, ke ki..."

"Ba za ki taka mini gida ba."

"Haba, Uwargida."

"Ke da ɗanki ke kwance da ciwon ƙafa, me zai kai ki makokin ɗan wasu? Ki zauna ki yi jinyarsa." Ta nuna rumfar randuna da haɓa. "Kin samu mai rai, an shaida miki a gaban gicciye. Mataccen nawa ne. Ni zan zauna a wajen kansa, ni kaɗai, ba mai taya ni."

Zabuli ta sunkuyar da kai. Makirina ta fita, ta tsallake kwata, ta yi taku goma sha wani abu a kan hanyar tudu. A nan ta tsaya. Ta hango gadon da za a shimfiɗa gobe, da matan ƙauye zagaye da ita, da hafsan a bakin ƙofa da tafintansa. Uwa ce ke buɗe makoki, daga ranar haihuwa take farawa ta bi shekaru ɗaya bayan ɗaya. Ita tana da kwana arba'in, daga nan sai rami har shekara goma sha biyu.

Ta juyo. Zabuli na nan a bakin danga ba ta motsa ba. Makirina ta dawo ta tsaya daga waje, ba ta shiga ba, ba ta kuma dubi fuskar matar ba. Ruwa na sauka a kan mayafinta.

"Wata nawa ya yi kafin ya fara tafiya?"

Zabuli ta share ido da bayan hannu. "Goma. Utu na rarrafe, shi ya miƙe ya bi agwagwa har bakin kwata."

"Goma," in ji Makirina. Ta juya kalmar a bakinta. "Ni ya biyo. A gidanmu ba ma daɗewa a ƙasa." Ta gyara tsayuwa, ta ja mayafin ta rufe kai. "Ci gaba. A hankali, don in riƙe."